Sifika Ɗaya Ce a Hannu? Yadda Ake Mayar da Sitiriyo Mono Ba Tare da an Ƙona Amfilifaya ba

A garuruwan yankin Tafkin Kainji, tun daga Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, har zuwa Birnin Yauri da Yelwa da Shanga, wayar salula ta maye gurbin rediyo da kaset. A cikinta ake tara waƙa da wa'azi da karatun Alƙur'ani da fina-finai. Sai dai muryar salula ba ta wuce ɗaki ɗaya. Shi ya sa mai shagon caji da mai shayi da mai gidan kallo, da matashin da aka ɗora wa kiɗan bikin abokinsa, kowa yake neman amfilifaya da sifika ya jona.

A nan matsalar take farawa. Mafi yawan kayan sautin gida sitiriyo ne, wato suna fitar da layi biyu, na hagu da na dama. Sau da yawa kuwa sifika ɗaya ce a hannu, ko dai ɗayar ta fashe, ko kuɗin bai kai na biyu ba, ko kuma babba ɗaya ake so a kafa a ƙofar shago. Idan aka jona ta a layi ɗaya, sai a ji wani ɓangare na kiɗan ya ɓace. Dabarar da ta fi saurin zuwa zuciya ita ce a kamo wayoyin hagu da na dama daga bayan amfilifaya, a murɗe su wuri ɗaya, a kai wa sifikar. Wannan dabarar ce ke tura amfilifaya da yawa teburin mai gyara, garin neman ƙiba a samo rama.

Ƙa'idar da za ta tsare kayan mutum guda ɗaya ce: ana haɗa hagu da dama ne kafin sauti ya shiga amfilifaya, ba bayan ya fito ba. Duk bayanin da zai biyo baya a kan wannan ƙa'ida ya tsaya.

Mene ne mono, mene ne sitiriyo?

Mono shi ne sautin da aka zuba gaba ɗaya a layi ɗaya. Ko sifika goma aka jona, abu ɗaya kowace za ta faɗa. Kiran waya mono ne, saƙon murya na WhatsApp mono ne, haka ma rediyon gajeren zango da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a kansa a 1957.

Sitiriyo kuwa layi biyu ne mabambanta. Wani injiniya ɗan Ingila mai suna Alan Blumlein, ma'aikacin kamfanin EMI, shi ya yi rajistar fasahar a 1931, amma sai a 1958 fayafayan garmaho na sitiriyo suka bazu a kasuwa. Manufar ita ce a kwaikwayi kunnuwa biyu na ɗan Adam. Mai haɗa sauti a situdiyo yakan ajiye muryar mawaƙi da ƙarar ganga mai kauri a tsakiya, wato daidai wa daida a layin hagu da na dama. Sauran kayan kiɗa da 'yan amshi sai ya karkatar da wasu hagu, wasu dama. Mai sauraro da iyafis biyu a kunne sai ya ji kamar makaɗan sun jeru a gabansa.

Saboda haka wanda ya jona sifika a layin hagu kaɗai zai ji muryar mawaƙi, amma duk abin da aka tura dama sosai ba zai iso shi ba. A fim ma haka ne, motar da ta taho daga dama sai ta iso shiru.

Inda mono ya fi sitiriyo amfani

Sitiriyo yana da sharaɗi. Sai mai sauraro ya zauna a gaban sifikun biyu, nisansa da kowace ya zama ɗaya, sannan zai ji daɗinsa. A ɗaki wannan mai sauƙi ne. A fili kuwa jama'a a warwatse suke. A gidan biki, ko rumfar kasuwar Wara, ko taro irin na bikin Rigata inda mutane ke jeruwa a gaɓar kogi a Yauri, wanda ke kusa da sifikar hagu ita kaɗai yake ji, na kusa da ta dama shi ma haka. Kowa rabin waƙa ya samu. Wannan ne dalilin da ya sa amfilifayar masallatai da ta 'yan talla, irin su Ahuja da TOA, galibi mono ake ƙera su tun daga kamfani.

Akwai kuma masu amfani da kunne ɗaya. Ɗan kabu-kabu ko matuƙin jirgin ruwa yakan sa iyafis ɗaya, ya bar ɗaya kunnen don jin abin da ke kewaye da shi. Akwai wanda kunnensa ɗaya ba ya ji sosai. Duk waɗannan mono ne zai ba su cikakken sauti.

Abin da ke faruwa idan aka murɗe wayoyin

A cikin amfilifayar sitiriyo, amfilifaya biyu ne a akwati ɗaya. Aikin kowace shi ne ta tilasta wa bakin fitarta ya kai adadin volt ɗin da waƙar ta nema a wannan lokacin, kuma an ƙera ta ta zuba duk wutar da hakan ke buƙata. Abin da ke taƙaita wutar ita ce sifika, wadda ke da turjiyar ohm 4 ko ohm 8. Turjiyar bakin fitar amfilifaya ita kanta 'yar ƙarama ce ƙwarai, sau da yawa ba ta kai rabin ohm ɗaya ba.

Idan aka ɗaure jan hagu da jan dama, sai layin hagu ya nemi volt 5, na dama ya nemi volt 3, a kan waya ɗaya. Babu mai haƙura. Wutar sai ta bar sifika ta riƙa kwarara daga wannan layi zuwa wancan, kamar shanun huɗa biyu da aka ɗaure a karkiya ɗaya kowanne yana jan nasa gefen.

Lissafi zai nuna girman abin. Sifikar ohm 8 da ke karɓar wat 10 tana jan wutar da ta ɗan haura ampiya 1. Amma a ɗauka turjiyar kowane layi kashi ɗaya cikin goma ne na ohm, bambancin da ke tsakaninsu kuma volt 2 ne kacal. Wutar da za ta nemi ratsawa tsakaninsu ta kai ampiya 10. Transistocin da ke fitar da sauti, ko ɗan guntun da masu gyara ke kira aisi, ba a yi su don wannan ba. Idan amfilifayar tana da kariya, za ta riƙa ɗaukewa tana dawowa. Idan ba ta da ita, aisin zai yi zafi har ya ƙone. Wani lokaci transisto yakan ƙone ya bar hanya a buɗe, wutar batir ko ta taransifoma ta zarce kai tsaye cikin sifika, ita ma ta tafi.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne haɗin yakan yi aiki da farko. Idan wa'azi aka sa, ko tsohuwar waƙar da aka ɗauka a mono, layukan biyu abu ɗaya suke nema, rigimar ba ta da yawa. Ranar da aka sa waƙar zamani mai faɗin sitiriyo aka ƙure murya, ranar ce hayaƙi ke tashi.

Akwai wata dabarar kuma da ake gwadawa: a ɗaura waya ɗaya ta sifika a jan hagu, ɗayar a jan dama. Wannan ba ya haɗa layukan, bambancinsu kawai yake fitarwa. Duk abin da ke tsakiya sai ya soke kansa, muryar mawaƙi da bes su ɓace, a bar mutum da amsa-kuwwa kamar daga cikin rijiya. Idan karatu ne da aka ɗauka a mono, kusan shiru za a ji, mai shi ya yi ta ƙara murya yana wahalar da amfilifaya a banza.

Hattara da amfilifayar batir da sola

Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 tana ba ƙasa lantarki, amma a ƙauyukan bakin ruwa da tsibirai da sansanonin masunta, batir da sola da janareta su ne abin dogaro. Wannan ya sa ƙananan amfilifaya masu aiki da volt 12, masu Bluetooth da ramin memori da filas, suka yi yawa, tare da tsofaffin rediyon mota da ake ɗorawa a kan batir.

Waɗannan suna da wani haɗari na daban. Da volt 12, amfilifaya mai tsarin gargajiya ba ta iya ba sifikar ohm 4 fiye da kimanin wat 4. Don a samu ƙarfi, kamfanoni sukan sa amfilifaya biyu a kowane layi, ɗaya tana tura jar waya, ɗaya tana jan baƙar waya. Hakan yana ninka ƙarfin kusan sau huɗu. Sunan tsarin BTL, kuma shi ne a cikin aisi irin su TDA7388 na rediyon mota, da TPA3116 da PAM8403 na ƙananan allunan da ake sayarwa a kasuwa.

Ma'anar wannan ita ce baƙar wayar sifika a irin wannan amfilifaya ba layin ƙasa ba ce, wato ba giraun ba ce. Wuta ce a cikinta kamar yadda take a cikin jar. Wanda ya haɗa baƙin hagu da baƙin dama don ya rage tsawon kebul ya yi shot. Wanda ya bar wayar sifika ta taɓa baƙin kan batir, ko jikin mota, shi ma ya yi shot.

Mai mita zai iya ganewa cikin minti ɗaya. A kashe amfilifaya, a cire ta daga wuta, a cire sifiku, a sa mita a wurin gwada haɗuwar waya, a taɓa baƙin hagu da baƙin dama. Idan mitar ta yi ƙara, giraun ɗinsu ɗaya ne. Idan ta yi shiru, BTL ce. Wanda ba shi da mita ya ɗauki duk amfilifayar volt 12 a matsayin BTL, kada ya haɗa kowace waya da wata.

Hanya ta farko: saitin cikin salula

Wannan ita ce mafi sauƙi, kuma ko kwabo ba ta ci. Google ya sa mono a cikin Android tun daga Android 7 na 2016, Apple kuma ya sa shi a iPhone tun 2009. Salular ce za ta haɗa layukan biyu ta hanyar lissafi, ta tura abu ɗaya hagu da dama. Babu wayar da aka murɗe, babu abin da zai yi zafi.

A wayoyin Android irin su Tecno da Infinix da itel da Redmi, wurin yana ɗan bambanta daga waya zuwa waya. Hanya mafi sauri ita ce a buɗe Settings, a rubuta mono a wurin bincike, a kunna Mono audio. Yana ƙarƙashin Accessibility ne. A Samsung, a shiga Accessibility, sai Hearing enhancements. A iPhone, a shiga Accessibility, sai sashen Audio & Visual. Kwamfuta mai Windows 10 ko 11 ita ma tana da shi, rubuta mono audio a wurin bincike zai fito da shi.

Da zarar an kunna, sai a jona sifikar guda ɗaya a layin hagu kaɗai, ja da baƙi, a bar na dama babu komai. Saitin yana aiki ko ta kebul aka jona ko ta Bluetooth. Don tabbatarwa, a nemi bidiyon gwajin hagu da dama a YouTube. Idan sifikar ta faɗi duka biyun da ƙarfi ɗaya, an dace.

Abu biyu ne za a kiyaye. Na farko, idan memori ko filas aka soka a jikin amfilifaya kai tsaye, saitin salula bai shafe shi ba. Mafita ita ce a mayar da fayilolin mono a kwamfuta da manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce, kafin a zuba su a filas. Na biyu, a tuna a kashe saitin bayan an gama. Mai buga PUBG ko Call of Duty da iyafis yana buƙatar sitiriyo don ya san ta gefen da takun abokin gaba ke tahowa.

Hanya ta biyu: maɓallin da ke jikin na'ura

Tsofaffin amfilifaya da rediyo masu kaset da yawa suna da maɓalli mai rubutun Mono ko Mode. A wasu, yana haɗa layukan ne a ciki kafin a ƙara musu ƙarfi, wanda shi ne daidai. A wasu kuma rediyon FM kaɗai ya shafa. Gwajin hagu da dama zai nuna wanne ne.

Ko na FM ɗin ma yana da amfani a wuraren da ke nesa da tasha. Tsarin FM sitiriyo da Amurka ta amince da shi a 1961 yana aiko da jimillar hagu da dama a babban layi, bambancinsu kuma a wani ƙaramin layi mai saurin ɗaukar hayaniya. Idan tasha tana shigowa da shuuu, danna mono yakan share mafi yawan hayaniyar, domin rediyon ya daina karɓar ƙaramin layin.

Mai mikisa, irin ta masu kiɗan biki, aikinsa ya fi sauƙi. Ya sa hagu da dama a layuka biyu, ya tsayar da maɓallin Pan na kowanne a tsakiya, abin da zai fito mono ne.

Hanya ta uku: kebul mai rezista

Idan sautin daga talabijin yake fitowa, ko dikoda a gidan kallo, ko DVD, ba lallai a samu saitin mono ba. A nan ake buƙatar kebul na musamman. Kebul mai reshe biyu da ake sayarwa a kasuwa, mai siffar harafin Y, an yi shi ne don raba sauti ɗaya zuwa wuri biyu. Juya shi don a haɗa layi biyu daidai yake da murɗe wayoyi, sai dai wutar da ke wurin ƙarama ce. Sakamakon yakan zama sauti mai kakkaryewa da ƙarancin bes, a wasu na'urorin kuma har bakin fitar ya lalace.

Gyaran rezista biyu ne kawai, masu ƙima ɗaya. Ohm 1,000 ya wadatar, wato mai zoben ruwan ƙasa da baƙi da ja. Mai ohm 470 ma yana yi, wato mai zoben rawaya da shunayya da ruwan ƙasa. Ƙanana masu rubu'in wat sun isa, kuma duk mai gyaran rediyo yana da su, ko a cikin tsofaffin alluna. Ga yadda ake haɗawa:

1. A samo kebul mai jak na milimita 3.5, ko mai kawuna ja da fari irin na bayan talabijin, a yanke shi a tsakiya. A kan jak, tsinin shi ne hagu, zoben tsakiya dama, gindin kuma giraun. A ɗaya nau'in, fari hagu ne, ja dama.
2. A liƙa rezista ɗaya a silin hagu da dalma, ɗayar a silin dama.
3. A haɗa sauran ƙafafun rezistocin biyu wuri ɗaya. Wannan mahaɗa ita ce mono, ita za a kai bakin shigar amfilifaya.
4. A haɗa giraun da giraun kai tsaye, babu rezista.
5. A naɗe kowace mahaɗa daban da salatif na lantarki, sannan a naɗe duka.

Rezistocin suna shiga tsakanin layukan biyu ne su hana su faɗa. Ko da bambancin ya kai volt 2, wutar da za ta ratsa ohm 2,000 kashi ɗaya ce cikin dubu na ampiya, abin da ba zai ɗumama komai ba.

Wannan kebul na sautin da bai shiga amfilifaya ba ne. Ba a sa shi a wayoyin sifika. Idan babbar rediyon gida ce ake son ɗaukar sauti daga jikinta zuwa wata amfilifaya, a nemi ramin Line Out ko Rec Out ko na iyafis. Kada kuma a kuskura a mayar da wayar sifika cikin salula ko ramin Aux, domin volt ɗin da ke wurin ya ninka abin da aka tsara musu sau da yawa.

Akwai wani kuskuren da ke kama da wannan. Jak mai zobe ɗaya, irin na makirfo, idan aka soka shi a ramin sitiriyo, yana haɗa layin dama da giraun ne kai tsaye. Hagu kaɗai za a ji, na dama kuma yana cikin shot.

Jona sifika da lissafin ohm

Bayan an samu mono, sifika ɗaya layi ɗaya take buƙata. Amfilifayar transisto ba ta damuwa idan ɗaya layin ya zauna babu sifika, amma ya fi kyau a juya maɓallin Balance gaba ɗaya zuwa gefen da ake amfani da shi, ko a tura sautin a bakin shiga ɗaya kawai. Tsohuwar amfilifaya mai kwalabe ita ce ba a kunnawa babu sifika, domin taransifomarta na iya lalacewa.

Idan sifika biyu ne, kowace ta zauna a layinta, duka su faɗi abu ɗaya. Wannan shi ne tsarin da ya fi dacewa da gidan biki da gidan kallo.

Idan sifikun sun fi layukan yawa, sai an yi lissafi. A bayan amfilifaya akan rubuta mafi ƙarancin ohm da take ɗauka. Sifika biyu masu ohm 8 da aka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma ohm 4, yawancin amfilifaya za su ɗauka. Biyu masu ohm 4 a irin wannan haɗi sun koma ohm 2, wanda ya fi ƙarfin yawancin kayan gida. A nan sai a jera su bi da bi, baƙin ta farko ya shiga jan ta biyu, su zama ohm 8.

A kuma lura da ja da baƙi. Idan aka juya wayoyin sifika ɗaya, tana turawa ɗayar tana ja, bes sai ya ragu. Idan alamar ta goge, ƙaramin batirin tocila mai volt 1.5 zai nuna. A taɓa shi a wayoyin sifika na ɗan lokaci kaɗan. Idan fatar sifikar ta turo waje, wayar da ke kan tsinin batirin ita ce ja.

Lasifikar ƙaho, irin ta masallaci, murya aka yi ta dominta. Bes mai yawa yana yaga 'yar fatar da ke cikinta, don haka a rage maɓallin Bass sosai kafin a tura mata waƙa. Wadda ke da taransifoma a jikinta mai rubutun 70V ko 100V kuwa da amfilifayar taro aka tsara ta yi aiki, ba da ta gida ba.

Batun birij

Wasu manyan amfilifaya suna da maɓalli mai rubutun Bridge ko Bridged Mono. Wannan hanya ce ta gaskiya da kamfani ya tsara don layuka biyu su tura sifika ɗaya. Amfilifayar tana juya sautin layi ɗaya a ciki, ta yadda ɗaya na turawa ɗaya na ja. Idan babu wannan rubutu da zanen yadda ake jonawa a jikin na'urar ko a takardarta, to babu birij. Idan akwai, a sani cewa ohm ɗin da ake buƙata ya ninka: wadda ke ɗaukar ohm 4 a kowane layi, ohm 8 take so a birij. Da yawansu kuma bakin shiga ɗaya kawai suke saurare a wannan yanayi, don haka har yanzu sai an haɗa hagu da dama tun daga salula ko kebul mai rezista. Amfilifayar BTL kuwa an riga an yi mata birij a ciki, ba a sake yi mata wani.

Kafin a kunna

A kashe komai kafin a taɓa kowace waya, a cire filogi ko kan batir. A duba kada wani silin tagulla ya fito ya taɓa maƙwabcinsa, domin sili ɗaya ya isa ya yi shot. A bakin ruwa danshi yana saurin sa tagulla ta yi kore, haɗin ya yi rauni ya riƙa zafi, don haka dalma da salatif sun fi murɗawa da hannu. Mai amfani da batir ya sa fis a jar waya kusa da batirin. Fis ɗin da ya ƙone a canja shi da irinsa, kada a cusa waya ko takardar sigari a madadinsa. Amfilifayar da ke aiki da lantarki ko janareta kuwa a bar wa mai gyara ya buɗe ta, domin kafasitocin ciki suna riƙe wuta ko bayan an cire filogi.

A fara da murya ƙasa ƙasa. Bayan minti biyar a taɓa jikin amfilifayar. Ɗumi ba laifi ba ne. Zafin da hannu ba ya iya jurewa, ko warin ƙuna, ko sautin da ke ɗaukewa yana dawowa, alama ce ta a kashe nan take a sake duba haɗin. Idan ana jin gurnani duk lokacin da salula ke caji, daga cajar ne. A cire ta, ko a koma Bluetooth.

Saura kunne, wanda ba a sayar da irinsa a kasuwa. Mai iyafis ɗaya yakan ƙure murya don ya danne ƙarar injin jirgi ko ta babur, kunne ɗaya ya ɗauki nauyin duka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙarfi, ta kuma ba da ma'aunin desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ga babban mutum. Wanda ya kunna mono yana jin komai a kunne ɗaya, don haka ba shi da hujjar ƙure murya. Ya riƙa sauya kunnen lokaci zuwa lokaci, ya tsaya a wajen rabin ma'aunin muryar salula ko sama da haka kaɗan.

A taƙaice, wanda sautinsa ke fitowa daga salula ko kwamfuta ya kunna Mono audio, ya jona sifikarsa a layi ɗaya. Wanda nasa ke fitowa daga dikoda ko talabijin ya kai kebul wurin mai gyaran rediyo a sa masa rezista biyu. Wayoyin da ke bayan amfilifaya kuwa kowace ta tafi sifikarta ita kaɗai.